Abin da aka tattauna kan kayan hawan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya

Jama'a, ga inda aka tsaya:

1. Hunturun Samaru ba ma'auni ba ne. A ƙololuwa, mita 5,895, ruwan gora daskarewa yake yi. A sa sutura bisa sutura: ta ciki mai saurin bushewa, suwaita, sai jaket mai tare iska da ruwa. Banda auduga, tana riƙe gumi.
2. Sabon takalmi a fara taka shi a dutsen Kufena na Zariya, kada ya ci ƙafa.
3. Safar hannu, hular sanyi, tocilan goshi, baƙin tabarau.
4. Tanzaniya ta haramta leda tun 2019.

An rabu kan manyan kaya: wasu sun ce gwanjon Sabon Gari, wasu haya a Moshi, garin da ke gindin Kilimanjaro. Ni dai takalmi ba a hayarsa.

Diamox ma, maganin laulayin hawa tsauni, an ja a kansa, amma kowa ya yarda a fara ganin likita.