Me za mu kira wannan dabba da Hausa, tunda ba kifi ba ce?

Jama'a, ku taimake ni da kalma. Ƙanena da ke karatu a Afirka ta Kudu ya turo mana bidiyo daga Hermanus, garin da ake shiga jirgin ruwa a fita kallon abin da Bature ke kira whale, tsakanin Yuni da Nuwamba. Jirgin na tangaɗi, shi yana riƙe da waya, sai ga wani baƙin baya kamar tsauni ya ɓullo, ya yi feshi sama, ya ɗaga wutsiya ya nutse. Na kai wa Inna tana tsintar shinkafa a tsakar gida nan unguwar Mabera a Sakkwato. Ta kalla sau uku, ta ce, "Wane irin kihi na wanga?" Na buɗe baki, babu kalma. Don ba kifi ba ne: da huhu yake numfashi ta hancin da ke bisa kansa, haihuwa yake yi, uwar ta shayar da ɗanta nono.

Wani malamin zaure: Ɗana, ai ba sai an wahala ba. Alƙur'ani ya kira wanda ya haɗiye Annabi Yunusa hut. Mu ara.

Mai tambaya: Allah gafarta Malam, bakin Bahaushe ba ya barin kalma ba wasali. Hut zai koma hutu. Ka ji yaro ya ce ya tafi kallon hutu, wa zai gane?

Malamin: To ga anbar. Ita ce dabbar da teku ya jefo wa rundunar Abu Ubaida bn Jarrah, mutum 300, suka yi wajen rabin wata suna ci.

Mai sayar da turare a tsohuwar kasuwa: Malam, anbar a wurinmu turare ne. Ko da yake daga cikin hanjin irin dabbar nan yake fitowa, in ka ce anbar, kwalba za a miƙo maka.

Wata ɗaliba: Giwar ruwa fa?

Basarke daga Kware: A'a ɗiyata, wanga suna da mai shi. Giwan ruwa kihi na, shi aka cin gasa da shi Argungu, kogin Matan Fada. Kar ku taɓa muna shi. Kuma kar wani ya ce ayu, ayu ciyawa yaka ci.

Malamar kimiyya a sakandare: Ku tsaya ku ji. A dabbobin da ke raye yau, babu dangin whale na kusa kamar dorina. Ba giwa ba, ba kifi ba, dorinarmu ta kogi. Ni dorinar teku nake ce wa ɗalibaina. Da na faɗa, sun gane tana shayarwa, kuma dole ta leƙo ta shaƙi iska. Sai in ƙara musu: ku lura da wutsiya a hoto, ta kifi a tsaye take tana kaɗawa gefe da gefe, tata a kwance, sama da ƙasa. Irin da ake kira shuɗiya a cikinsu tana kai tsawon mita 30, don haka girman ne kawai sunan bai ɗauko ba.

Mai tambaya: Malama, kin gama da ni. Dorinar teku ta zauna, ko a nan mashigin tekun Gini da suke zuwa haihuwa. Saura ƙananan nan masu tsalle a gaban jirgi.

Malamar: Dolfin. Balarabe ma dulfin yake cewa. Baki bai ƙi ta ba, a bar ta.

Mai tambaya: Na koma wurin Inna na ce mata sunanta dorinar teku. Ta ce in sake kunna mata. Da wutsiyar ta ɗago sai ta ce, "Kai dai ka sani. Kihin Annabi Yunusa na. Ka ce ma ƙanenka ya bar shiga jirgin nan."