Ɗiyata za ta zo daga Kumasi ganin Kano, ni kuma ban san garin ba

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Abin kunya ne zan faɗa, amma matambayi ba ya ɓata. Shekarata bakwai a Kano, aiki ya kawo ni daga Jos, kuma iyakar sanina da garin daga Hotoro zuwa ofis, daga ofis zuwa Hotoro, sai gidan biki ko gaisuwar mutuwa. Dala ma daga cikin mota nake hango ta.

Yanzu 'yar yayata za ta zo daga Kumasi. A zango aka haife ta, tana karatun zane-zane, kuma tun tana ƙarama take jin cewa kakanninmu fatake ne masu kai kaya Gonja su sayo goro. Ta turo mini jerin abin da take son gani ta WhatsApp: Kurmi, Gidan Makama, marina, gidajen da aka yi wa ado a bango, sannan inda za ta sayo wa mamarta shadda da turaren wuta. Na ce zan kai ta Ado Bayero Mall da Gidan Zoo, ta yi ta dariya, wai "Kawu, ai irin waɗannan muna da su." Kwana biyu kawai za ta yi, Juma'a da Asabar. 'Yan cikin gari, ta ina zan fara?

Ɗan Cikin Badala:

Wa alaikumus salam. Baban Ummi, ba kai kaɗai ba ne, akwai wanda aka haifa a Gwammaja bai taɓa hawa Dala ba. Shawarata ta farko, ajiye motarka a gida. Cikin gari na mai ƙafa ne da ɗan adaidaita.

Ku fara da Dala ranar Juma'a, da an idar da asuba gari ya ɗan waye. Akwai matakala, amma in rana ta ɗaga za ku ji a jikinku. Dalilin da ya sa na ce nan farko, daga sama za ta gane yadda garin yake kwance: ga Goron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga rufin Kurmi a cunkushe. In ta ga wannan, duk inda kuka shiga daga baya ta san inda take. A nan za ka ba ta labarin Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda wanda tarihin Kano ya sa a shekarar 999. Yara za su biyo ku suna ba da nasu labarin, ka riƙe ɗan canji.

Daga nan Gidan Makama, yana daura da gidan Sarki. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a nan ya zauna kafin ya gina fadar da ake ciki har yau, shi ya sa ake ce mata Gidan Rumfa. Shi ne kuma ya kafa Kurmi. Abin da nake so ku tsaya a kai shi ne tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aka ajiye a wurin. Ka sa ta ta matsa kusa ta ga faɗin ƙarfen da kawunan ƙusoshin, duk aikin maƙera ne da guduma. A ciki akwai sulke da lifidi, da hotunan sarakuna, da ɗakin amarya irin na da. Za ta ji labarin 1903, lokacin da Turawa suka shigo ta Kabuga Sarki Alu yana Sakkwato, daga baya aka kai shi Lakwaja. Amma tunda mai zane ce, ce mata ta riƙa ɗaga kai. Rufin soraye nan ne aikin yake: bakan gizo na ƙasa ya tashi daga bango ya haɗe a tsakiya, an jera azara a kai, babu siminti babu rodi, kuma kana shiga za ka ji sanyi kamar an buɗe randa.

Ku fita daga wajen fada kafin sha biyu, don ranar Juma'a da jama'a sun fara taruwa hanya ta toshe. Ko ku zauna ku yi sallah a nan, masallacin da Sarki Abdullahi Bayero ya sake ginawa a farkon shekarun 1950.

Marinar Ƙofar Mata ku bar ta sai safiyar Asabar. Masu wurin suna lissafin kafuwarta daga 1498. Karofi da yawa yanzu a bushe suke, kada ta yi mamaki, amma akwai dattawan da ke aiki. Baba da toka da kanwa ake zubawa a bari ya ɗau kwanaki ya nuna. Abin kallon shi ne in an tsamo zane: yana fitowa kore-kore, iska na bugunsa sai ka ga yana juyewa shuɗi a gabanka, a sake tsomawa, a sake tsamowa, har ya yi duhun da ake so. Ku leƙa wajen masu bugu kuma, inda ake dukan yadi da katako har ya ɗau ƙyalli. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, kuma a sayi ko ɗan kallabi ne.

Hajiya Mai Lefe:

Malam ya gama da tarihi, ni bari in yi maganar aljihu. Baban Ummi, kada ka kai yarinyar nan Kantin Kwari kai kaɗai. Namiji da baƙuwa mai Hausar Gana, da ta buɗe baki an ƙara kuɗi. Ka haɗa ta da Maman Ummi ko wata maƙwabciya da ta saba haɗa lefe. Kuma atamfa kada ta ɓata kuɗinta, daga ƙasar atamfa ta fito. Shadda za ta saya, a murza gefenta a gani ko sitaci ne ya riƙe ta.

Turaren wuta da kayan ƙamshi ni Kasuwar Rimi nake zuwa. Kurmi kuwa don kayan fata, takalma da jaka da titimi, da hula, da kayan doki, da faifai. Layukanta matsattsu ne, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa, ga masu baro suna "hanya, hanya". In an ce ki taya, a taya ƙasa, in an ce albarka a yi kamar za a wuce. Ni kaina an taɓa sayar mini da jaka wai fatar akuya ce, damina ɗaya ta fara saɓulewa kamar bawon albasa, ashe roba ce. Tun daga ranar sai na shinshina nake biya. Fatar gaske ba ta ɓoye warin jima.

Kilishi a Agadasawa, gurasa a Jakara. Kilishin a saya ranar tafiya.

Mai Fenti:

Ranka ya daɗe Ɗan Cikin Badala, ka tsallake maganar zanen bango, ita ce sana'ata. Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa shi ne wurin da za ta fi jin daɗi. Nan Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, shi ake wa laƙabi da Ɗan Hausa. Ga zankwaye a saman gini, ga ado a bango. Na cikin gari kuwa sai da yawo, don mutane sun rushe na ƙasa sun yi na bulo. Ku bi lunguna wajen fada, ku riƙa duban saman ƙofar zaure. Magina suna fitar da zanen ne tun yaɓe yana ɗanye, dagi da takobi da wata da tauraro, wani gidan har keke ko agogo, don a san mai gidan ya samu.

In kuma zanen da ake yi yau take so, ku je Dawanau ta kalli bayan manyan motocin hatsi. Zaki, dawisu, mahayin doki, da rubutu a ƙasa. Ni a nan na koyi riƙe buroshi.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta duka. Hajiya, Maman Ummi ta karanta naki ta ce dama ba ta da niyyar bari na je Kwari, wai har yau ba ta manta shaddar da na sayo mata da Sallah ba. Dawanau kam sai dai in lokaci ya ragu ranar Asabar da yamma. Tambaya ɗaya ta rage, Malam: gwiwata ta dama tana ɗan damuna, in na tsaya a gindin Dala na bar ta ta hau da Ummi, akwai inda mutum zai zauna a inuwa?

Ɗan Cikin Badala:

Akwai mai shayi a ƙasa. Amma shekara bakwai kana hango ta, daure ka hau, ka riƙa hutawa a hanya.