Abin da aka tattauna kan niyasin da jan fata

Bayan la'asar ma'aikatan lafiya na wani ƙauye kusa da Ringim suka zauna kan koken masu shan ƙwayar niyasin, wato bitamin B3: fuska ta yi zafi, wuya ya hau ƙaiƙayi.

Mai kula da magunguna ya ce a jikin ƙwayoyin halitta na kitse da na fata akwai makarɓa, wato wurin da sinadari ke kamawa ya isar da saƙo, mai suna GPR109A, wadda aka gano a 2003 cewa ita niyasin ke kamawa. Idan niyasin ya kama ta, ƙwayar kitse takan rage sakin mai cikin jini, fata kuwa ta saki sinadarin furostagilandin, jijiyoyin jini su buɗe, shi ya sa fata ke yin ja da zafi. Sai dai ƙwayar halittar ba ta barin saƙon ya yi ta tafiya. Wani sinadari yakan sa wa makarɓar alama, wani furotin mai suna arestin ya riƙe ta, a janye ta ciki kamar mai shago ya shigar da kaya, daga baya a maido ta waje. 

Shawarwarin ba su da yawa. A fara da kaɗan, a sha bayan cin abinci, ban da shayi mai zafi a lokacin. Zafin yakan ragu in ana sha kullum, mai tsallake kwanaki kuwa zai sake jin sa. Wata ungozoma ta ja kunne: mai ciwon sukari, gyambon ciki ko ciwon hanta kada ya saya a kemis da kansa. Wanda tuwon masara ne cimarsa kullum, ya haɗa da gyaɗa, kifi ko nama, don ya samu niyasin, wanda baligi ke buƙatar miligiram 14 zuwa 16 a rana.