Ƙwarya ta bi ƙwarya: a cikin ƙwaƙwalwa ma haka ake jera su?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Karin maganar yau ita ce "Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe." Mun san inda ake jefa ta: ɗan talaka ya hango 'yar masu hali, a ce masa ya nemi daidai da shi. Abin da ya tsaya mini a rai, me ya sa akushi? Ai duk kayan cin abinci ne, ɗaki ɗaya suke kwana.

Malam Na-Damagaram: Ƙwarya 'yar duma ce, akushi kuwa itace aka sassaƙa. Jera ƙore, ƙarama cikin babba, lafiya lau. Cusa akushi a tsakani ka ji ƙas. Da cewa aka yi "in ta bi raƙumi", wa zai saurara? Kusancin ne ya ba maganar gishiri.

Ɗalibar likitanci: Allah ya gafarta Malam, kun taɓo karatunmu. A 1984 Elizabeth Warrington da Tim Shallice a Landan sun ba da rahoton mutum 4 da ƙwayar cuta ta lalata musu wani sashe na ƙwaƙwalwa. A nuna musu kayan aiki irin su tsintsiya, su kan gane, su faɗi amfaninsu. A nuna dabba, ko tsiro, ko abinci, sai su rikice. An kuma samu wasu majinyata da nasu ya zo a juye. Wato ciwo na iya ɗauke wani rukunin kalmomi ya bar wani. Ta wannan fuskar ƙwarya da akushi 'yan ɗaki ɗaya ne, duka abin hannu ne da ake sani ta amfaninsa.

Maman Sadik: Wallahi kin tuna mini kakata. Bayan ɓarin jikinta ya shanye, sai ta miƙa hannu ta ce a ba ta ƙwarya, alhali ludayi take so. A kawo ƙwarya ta ture, ta yi ta hawaye don haushi. Wata rana ta ce faifai, wata rana mara. Amma ko sau ɗaya ba ta ce wa ludayi akuya ba. Kuskurenta bai taɓa fita daga madafi ba.

Malam Na-Damagaram: Allah ya jiƙan magabata. To amma 'yata, kada a mayar da kan mutum kantin sayar da kaya, kowace kalma da kantarta. Ɗauki "kai": na bisa wuya, da kai da nake magana da kai, da kai saƙo, da "kai!" na mamaki. Wace kanta za ki ajiye shi?

Ɗalibar likitanci: Gaskiyarku, Malam. A 2016 Alexander Huth da Jack Gallant na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley sun kwantar da mutum 7 cikin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI, kowa ya saurari labarai na sama da awa 2, ana bin yadda jini ke kai-komo a ƙwaƙwalwa. Sun ga ma'ana ta bazu a ɓarin hagu da na dama, kuma kalma mai ma'ana da yawa takan taɓa wurare da yawa. Da Turanci aka yi, kuma mutum 7 ba yawa ba ne, don haka ban ce an auna "kai" namu ba.

Baban Ummi: Ni fa har yanzu ban yarda da yadda ake amfani da karin maganar nan ba. Mai son raba aure ya dubi nauyi ya ce jinsi biyu ne. Uwargida ta dubi aiki ta ce ɗaya na fura, ɗaya na tuwo, duk nata ne. Mai jerawa ne ke zaɓar ma'auni.

Maman Sadik: Yaya, faɗa wa wadda ta yi zaman gidan da ya fi ƙarfin iyayenta. Ranar suna kaɗai ta ishe ta gane ko ita ƙwarya ce.

Ɗan Kurmi: Na gwada yarona yanzu, na ce ya lissafo dabbobi cikin minti 1. Akuya, tunkiya, saniya, jaki, ya ɗan yi shiru, sai zaki, kura, giwa. Na gida suka fito tare, na daji tare, ba wanda ya koya masa. Da na ce jemage fa, sai ya ce wai tsuntsu ne, bai shiga lissafi ba. Malam, a wace ƙwaryar za mu sa shi?

Malam Na-Damagaram: Yana haihuwa, yana shayarwa. Ka ce wa yaron ya ƙara ɗaya.