Ana son gina cibiyar ƙirƙirarriyar basira a garinmu: me ya kamata mu tambaya?

Baƙon Amurka:
Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a wani ƙaramin gari na manoma a Amurka, kuma wani kamfani ya nemi izinin gina katafariyar cibiyar kwamfutoci ta ƙirƙirarriyar basira a gonakin da ke bayan gari. Majalisar gari za ta saurari ra'ayin jama'a kafin ta kaɗa ƙuri'a, amma har yanzu ba a bayyana sunan kamfanin da zai yi amfani da ginin ba, domin an ce kansiloli sun sa hannu a yarjejeniyar sirri. Ana ta yi mana albishir da ayyukan yi da kuɗin haraji. Masu sani, waɗanne tambayoyi ya kamata in tashi in yi a wurin taron?

Injiniyan Lantarki:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da wuta, domin a nan babban lissafin yake. Irin wannan cibiya tana aiki dare da rana ba tsayawa, kuma babba daga cikinsu tana iya shan wutar da ta ninka ta garinku gaba ɗaya. Dubi gundumar Richland a jihar Luwiziyana, mai mutane kimanin 20,000: a watan Disamban 2024 kamfanin Meta ya sanar da cibiya ta dala biliyan 10 a can, sai da kamfanin wuta na Entergy ya nemi izinin gina sababbin tashoshi uku masu amfani da iskar gas saboda ita. Abin da za ka tambaya shi ne, wa zai biya kuɗin tashoshi da manyan layukan wuta, kuma idan kamfanin ya tattara ya tafi kafin a gama biyan bashin, shin ragowar ba za ta faɗo a kan takardar kuɗin wutar talaka ba?

Batun ayyukan yi kuwa, ka nemi a raba maka na lokacin gini da na dindindin. A Richland an yi maganar ma'aikata fiye da 5,000 a lokacin da gini ya kankama, amma na dindindin kimanin 500 ne.

Uwar Gida:
Malam, ni ruwa ne ya fi damuna, domin kwamfutocin suna yin zafi sosai, kuma cibiyoyi da yawa da ruwa suke sanyaya su, ruwan da yawancinsa yake tashi ya bi iska. A garin The Dalles na jihar Oregon, mai mutane kimanin 16,000, hukumar gari har kotu ta kai jaridar Oregonian don kada a bayyana yawan ruwan da Google yake sha. Da aka sasanta a ƙarshen 2022, sai aka gano cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya yi amfani da galan miliyan 355, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan garin. Shi ya sa yarjejeniyar sirrin da ka ambata ta tayar mini da hankali. Ka nemi a faɗa muku adadin ruwan a rubuce, musamman na lokacin bazara, da kuma wanda za a fara rage wa idan an yi fari.

Dattijon Ƙwarai:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai kada a ɗauka duk abin asara ne. Garin Quincy na jihar Washington, wanda aka sani da noman dankali, ya karɓi cibiyoyin Microsoft da na wasu kamfanoni kusan shekara 20 da suka wuce saboda arhar wutar kogin Columbia, kuma harajin kadarorin ya taimaka wajen gina sabuwar makarantar sakandare. Amma wannan amfani yana samuwa ne idan ba a yafe wa kamfani harajin ba. Saboda haka, ɗana, ka tambayi shekara nawa aka yi alkawarin rangwamen haraji, da nawa zai shiga asusun makarantu a kowace shekara. Ka kuma tambayi nisan ginin daga gidajen jama'a, domin ƙarar injinan sanyaya wuri ba ta ɗaukewa ko da tsakar dare.

Baƙon Amurka:
Na gode, Baba, na gode Hajiya da Injiniya. Zan haɗu da maƙwabtana mu rubuta tambayoyin nan, mu kuma roƙi majalisa ta ɗage ƙuri'ar har sai an kawo amsoshin a rubuce.