Shawara nake nema kan sansanin Turanci na yini ga ɗaliban sakandare

Baƙuwar Malama:

Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a wata sakandare a ƙasar waje, inda ba a amfani da shi a gida ko a ofis, kuma shugabar makarantar ta ɗora mini nauyin shirya sansanin Turanci na kwana biyar a hutu mai zuwa. Ba kwana za su yi ba, za su zo da ƙarfe 9 na safe su koma gida da ƙarfe 3 na rana. Ɗalibai 60 ne suka yi rajista, 'yan shekara 13 zuwa 16, mu malamai kuma mu biyar ne. Wasunsu suna iya hira ta minti biyar, wasu kuwa daga gaisuwa sai su yi tsit. Shin in raba su gwargwadon iyawarsu ne ko in cakuɗa su? Kuma ya dace in hana su magana da harshensu gaba ɗaya?

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin maganar rabo, ki fara da lissafin lokacinki. Awa shida sau biyar awa 30 ke nan, idan kuma aka cire cin abinci da hutawa, da wuya ya wuce 25. A tsarin auna ƙwarewar harshe na CEFR da aka fitar a Turai a 2001, wanda ya kasa iya harshe mataki shida daga A1 zuwa C2, ƙiyasin sashen jarrabawar Turanci na Jami'ar Cambridge shi ne ɗalibi yana buƙatar awa 180 zuwa 200 na karatu da malami kafin ya kai A2 (mataki na biyu), da 350 zuwa 400 kafin ya kai B1 (mataki na uku). Ashe ke nan babu yaron da zai haura mataki a mako guda, kuma gara ki faɗa wa shugabar haka tun yanzu, kada ta sa ran abin da ba zai samu ba.

Abin da mako guda zai iya yi shi ne cire musu tsoron buɗe baki. Yawancin waɗanda suke yin tsit sun san kalmomi da dama, kunyar yin kuskure gaban tsararsu ce ta ɗaure musu harshe, kuma tun a shekarun 1980 masanin harshe Stephen Krashen ya yi bayanin yadda fargaba ke toshe wa mai koyo hanya. Don haka ki raba su bisa iyawa da safe, awa biyu kawai, ki ba su jimlolin da za su buƙata a ranar. Bayan cin abinci ki cakuɗa su rukuni-rukuni na mutum shida, kowane rukuni ya shirya gajeren wasan kwaikwayo da zai nuna a rana ta biyar. Sai dai ki ba kowa rawar da zai yi magana a ciki, in ba haka ba gwanayen za su cinye wasan, sauran su koma ɗaukar kujeru.

Malami a Koriya:

'Yar'uwa, a makarantun gwamnati na Koriya ta Kudu, malaman da ke zuwa ta EPIK, shirin ɗauko malaman Turanci daga ƙasashen waje wanda aka fara a 1995, sukan yi irin wannan sansanin a hutun bazara da na hunturu, don haka na yi shi sau da yawa. Ban goyi bayan hana harshen gida ba. A karona na farko na sa doka cewa duk wanda ya yi Koriyanci za a rage wa rukuninsa maki, sai ajin ya yi shiru kamar an yi mutuwa, domin sun gane cewa wanda bai yi magana ba ba ya jawo asara. Daga baya sai na koma ɗaga wani jan kati: muddin yana sama, Turanci kawai za a yi na minti goma, in na sauke shi su tattauna da harshensu.

Ga marasa ƙarfin kuwa, ki gwada hanyar da wani farfesa Ba'amurke, James Asher, ya ɓullo da ita a shekarun 1960, inda malami ke ba da umarni ɗalibai su amsa da jiki: ku tashi, ku taɓa ƙofa, ku juya hagu. Akwai wata yarinya da ta yi kwana uku ba ta ce uffan ba, amma da na miƙa mata ragamar wasan, sai ga ta tana umartar yara goma sha biyu su tsaya da ƙafa ɗaya, tana dariya.

Mai Kula da Ɗalibai:

Malama, ba a taɓo batun tsaro ba. Ki karɓi takardar amincewar iyaye a rubuce, mai ɗauke da lambar da za a kira in wani abu ya faru, da bayanin rashin lafiya ko abincin da jikin yaro ba ya karɓa, da izinin ɗaukar hoto. Kada babba ya keɓe da ɗalibi shi kaɗai, kuma a kira suna safe da rana da lokacin tashi. Ki lura kuma, ku biyar ga yara 60 yana nufin kowa da 12, ba a bar ko mutum ɗaya da zai fita da wanda ya ji ciwo ba.

Baƙuwar Malama:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan nemi shugabar ta ƙara mana mutum na shida, kuma zan gwada jan katin a ajina na wannan makon in ga yadda za su karɓe shi.