Me za mu kira fim doror na da da Hausa?

Salamu alaikum ƴan uwa, kalma guda nake nema. Abin nan da muke ce ma fim doror a nan Damagaram, ƴan Kano kuma su ce horo, ni dai duka biyun ba su kwanta mini ba, horo ai ladabtarwa ne a wurinmu.

Da na yi tambayar nan, da yawa kun ce fim ɗin ban tsoro, to amma ban tsoro ya yi faɗi, har na mai bin mutane da wuƙa ya shiga ciki. Wanda nake nufi shi ne na matacce da ya ƙi kwanciya, kangon gida, ƙofa ta buɗe da kanta, irin wanda ake sa mana a bidiyo kulob mu biya dala biyar mu zauna kan banci, kaset ya goge hoto na rawa murya na shaƙewa, kuma wallahi gogewar nan ta fi tada tsigar jiki bisa na yanzu da kwamfuta ta wanke tas. Wanda ya ga fim ɗin Indiya Purana Mandir na ƴan gidan Ramsay, 1984, ya san me nake faɗi.

Kai kuma Yaya, ka kawo shawarar a ce fim ɗin aljanu. Ban raina ba, sai dai aljani gaskiya ne, yana cikin Alƙur'ani, ba na so a gama shi da wasan kwaikwayo. Fim ɗin fatalwa ya fi mini.

Saura tsufan da wuyar samu, don shi ke sa masu tarawa zuba kuɗi. Nosferatu na Jamus, 1922, kotu ta ce a lalata duk kwafinsa bayan matar marubucin Dracula ta kai ƙara, kaɗan suka tsira. London After Midnight na 1927 kwafin ƙarshe ya ƙone a gobarar ma'ajiyar kamfanin fim na MGM, amma afish ɗinsa guda, wato takardar tallarsa, an saye shi dalar Amurka dubu 478 a 2014, takarda kawai fa!

Baba Alhaji kun ce tsohuwar ajiya, Allah ya ƙara girma, wannan ta zauna daram. Ke nan fim ɗin fatalwa tsohuwar ajiya, mai tarawa kuma mai ajiya.

Abu guda ya rage mini, na macijiyar Indiya mai rikiɗa mace fa? Ita ba matacciya ba ce, fatalwa za ta ɗauke ta ko a nema mata nata sunan daban?